Damuwa da Mantuwa a Wurin Tsofaffi: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi domin hakimai, da dagatai, da malaman da ke riƙe da littattafan ofishin hakimi, musamman na ƙasar Wudil da maƙwabtanta. Maganar da ke cikinsa ta lafiyar tsofaffi ce. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan hakimi da aikin likita? To, babu ofishin da ya dogara ga tunanin tsofaffi kamar ofishin hakimi. In rigimar iyakar gona ta tashi a Utai ko Darki, dattijo ake nema ya nuna inda burtali ya bi tun zamanin kakanni. In an zo rabon gado ko ɗaurin aure, tsohuwa ake tambaya wa ya haifi wa, wa kuma ya sha nonon wa. Ran da tunanin waɗannan mutane ya dushe, wani littafi ne na ƙasa ya ɓata, wanda ba a da kwafinsa a ko'ina.

Abin da darasin zai nuna shi ne, tsananin damuwa da mantuwa a wurin tsoho suna da dangantaka ta kusa, ɗayansu kuwa yana da magani. Saboda haka in dattijo ya yi shiru, ya fara mantuwa, kada a yi hanzarin cewa tsufa ne kawai.

1. Ciwo biyu da ake kira tsufa

Na farko shi ne ciwon damuwa. Kowane ɗan Adam yakan yi baƙin ciki in ya yi rashi ko hasara, wannan ba ciwo ba ne. Likitoci suna kiransa ciwo in ya zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, ya hana shi harkokinsa. Alamunsa su ne: zuciya ta yi nauyi, abin da mutum yake jin daɗinsa a da ya fita daga ransa, barci ya ɓaci, abinci ya ƙi shiga, jiki ya mutu, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani ga kowa. Tsoho ba safai yake cewa yana baƙin ciki ba, domin kunya da kawaici. Abin da yakan ce shi ne kansa yana zafi, ko wani abu yana yawo a jikinsa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Labarin zuciya, a tambayi fuska.

Na biyu shi ne cutar mantuwa, wadda mutane ke kira gigin tsufa. Ita ciwo ce ta ƙwaƙwalwa kanta, tana shiga a hankali cikin shekaru. Mai ita yakan manta abin da aka faɗa masa da safe, ya maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ya kasa ƙirga canji, daga baya har ya ɓata a unguwar da aka haife shi. Iri mafi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, ake kuma kira da sunansa. Mai bi masa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa, sau da yawa bayan hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki. A lura, mantuwar da ba ta wuce ta sunan baƙo ko inda aka ajiye carbi ba, ba ita ake nufi ba. Yawancin tsofaffi sukan kai ƙarshen kwanansu da hankalinsu garau.

2. Yawan masu ciwon

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa suna ƙasashen da ba su da wadata sosai, irin tamu. A nan Arewa, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun duba tsofaffi fiye da 300 a Zariya, suka ba da sakamako a 2011 cewa kusan uku cikin ɗari suna da ita.

Ciwon damuwa ya fi haka yawa. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi gida gida a ƙasar Yarabawa, suka tambayi mutum 2,152 masu shekara 65 zuwa sama. A sakamakon da suka buga a 2007, kamar mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsa, bakwai cikin ɗari kuma sun yi shi a cikin shekarar da aka yi tambayar. Waɗanda suka taɓa samun magani ko da wane iri ne ba su kai huɗu cikin goma ba. Da aka ci gaba da bin waɗannan tsofaffi, sai aka ga cutar mantuwa ta fi kama mata, da mazauna ƙauye, da waɗanda ke zaman kaɗaici. Wannan batu na kaɗaici a riƙe shi, za mu komo kansa.

3. Yadda ciwon biyu suke haɗe

Dangantakarsu iri uku ce, wajibi ne kuwa a rarrabe su.

Iri na farko, damuwa takan yi kama da gigin tsufa alhali ba shi ba ne. Wanda zuciyarsa ta cika da baƙin ciki ba ya sauraron abin da ake faɗa masa, abin da bai shiga ba kuwa ba zai zauna ba. Sai a ga yana mantuwa, yana jinkirin amsa, a ce ya ruɗe. Wani likita a Ingila, Leslie Kiloh, ya yi rubutu a kan irin waɗannan mutane a 1961, ya nuna cewa an ɗauke su marasa warkewa, amma da aka yi musu maganin abin da ke damunsu hankalinsu ya komo.

Iri na biyu, damuwa takan share wa cutar mantuwa hanya. A 2013 masana sun tattara bincike 23 da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka ga tsohon da ya yi ciwon damuwa haɗarin da yake ciki na kamuwa da cutar mantuwa ya kusa ninka na wanda bai yi ba. Haɗarin ya fi girma ga irin mantuwar nan ta jijiyoyin jini. A ƙasar Denmak kuma an duba takardun asibiti na mutum wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, aka ba da sakamako a 2023 cewa haɗarin ya wuce ninki biyu, ko da tun a ƙuruciya ko tsakiyar rayuwa aka yi damuwar.

Dalilan da masana ke bayarwa su ne waɗannan. Jiki yana da wani sinadari da ake kira kotisol, wanda yake fitarwa lokacin tsoro ko tashin hankali. In ya daɗe da yawa cikin jini yakan raunana wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa wanda aikinsa ajiye sabon abu ne. Sa'an nan hawan jini da ciwon sukari sukan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wannan kuwa yana kawo damuwa da mantuwa gaba ɗaya, kamar tushe ɗaya mai reshe biyu. Bayan haka, mai damuwa yakan daina fita, ya daina hira, ya daina shan maganin hawan jininsa, ya kwanta a ɗaki. Ƙwaƙwalwar da ba a aiki da ita kuwa kamar fartanya ce da aka jingine a bayan rumbu.

Iri na uku, damuwa takan zama alamar farko ta cutar mantuwa da ta riga ta fara a ɓoye. An bi ma'aikatan gwamnati fiye da dubu goma a birnin Landan har shekara 28, tun daga 1985. A sakamakon da aka buga a 2017, waɗanda suka kamu da cutar mantuwa an ga alamun damuwa sun fara bayyana gare su kamar shekara goma kafin a gane cutar. Saboda haka damuwar da ta fara zuwa wa mutum bayan ya tsufa, alhali bai taɓa yin ta ba, abin sa ido ce ƙwarai.

Kada a fahimci wannan a karkace. Ninka haɗari ba hukunci ba ne. Da yawa daga tsofaffin da suka yi ciwon damuwa sukan warke, ba su taɓa yin gigin tsufa ba.

4. Misali

A ƙaddara dattijai biyu ne a gari ɗaya. Na farko dillalin shanu ne, ya shekara arba'in bai fasa zuwa kasuwar Wudil ran Juma'a ba. Uwargidansa ta rasu, 'ya'yansa maza suna Kano da Legas. Bayan sadakar arba'in mutane suka watse, shi kuwa ya daina zuwa kara, ya daina zama a dakalin ƙofar gida, ya rame. In aka tambaye shi nawa aka sayar da bijimin wane, sai ya ce, "Ban sani ba, ku ƙyale ni, kaina ya lalace." Iyalinsa suna iya faɗin watan da abin ya fara. Shi da kansa yake kukan mantuwa, amma in ya fita ba ya ɓata, in kuma aka lallashe shi ya natsu, lissafinsa daidai yake fita.

Na biyu masunci ne a bakin kogi. Ba wanda zai iya cewa ga ran da abin nasa ya fara, shekara biyu ko uku ke nan ana lura. Shi ba ya kukan komai, yana dariya, yana cewa lafiyarsa lau. In aka tambaye shi abin da ya ci da safe sai ya ba da amsa da ƙarfin zuciya, amsar kuwa ba daidai ba ce. Yana ba da labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan, amma ya manta an yi sunan jikansa makon jiya. Da magariba abin yakan fi tsanani.

Na farko ya fi kama da mai ciwon damuwa, na biyu da mai cutar mantuwa. Amma sau da yawa mutum ɗaya yakan haɗa su biyun, don haka rarrabewa ta ƙarshe aikin likita ce. Abin da ake so ga shugaba shi ne ya san cewa dillalin nan, in an kai shi asibiti, ana sa ran zai koma kara.

Akwai hali na uku da ba ya jiran gobe. In tsoho yana lafiya jiya, yau ya tashi a ruɗe, bai san inda yake ba, yana sambatu ko yana yawan gyangyaɗi, to wannan yawanci wani ciwo ne na jiki, kamar zazzaɓi, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko sukari ya hau ko ya faɗi. A kai shi asibiti a ranar. Haka nan tsohon da ya ƙi abinci ɗungum, ko yake cewa gara ya mutu ya huta, ko yake maganar hallaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tsaya yi masa faɗa, a kai shi ga likita.

5. Magani

Ciwon damuwa yana warkewa ko ga ɗan shekara tamanin. Maganinsa iri biyu ne, na magana da na sha. Na magana shi ne ma'aikacin da aka koya wa aikin ya zauna da mutum lokaci lokaci, su warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, ya komar da shi ga ayyukan da ya bari. A ƙasar Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata wannan aiki, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwajin da aka buga a 2016 kuwa ya nuna abin yana aiki. Na sha kuma ƙwayoyi ne da likita ke rubutawa. Ba sa aiki nan take, sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake fara ganin sauƙi, ana kuma ci gaba da sha watanni bayan an warke. Da yawa sukan yar da magani a mako na farko su ce bai karɓe su ba, wannan kuskure ne.

A yi hattara da sayo wa tsoho maganin barci a kemis ko wurin masu talla. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan ƙara masa ruɗewa, su sa shi jiri ya faɗi ya karye. Likita zai kuma duba jini, domin ƙarancin jini, da rashin wasu sinadaran abinci, da ciwon maƙoƙo duk suna kawo kasala da mantuwa.

Cutar mantuwa ita ba a sami maganin da ke warkar da ita ba, amma ana rage wahalarta, ana kuma iya jinkirta zuwanta. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ke ƙara haɗarinta waɗanda ake iya gyarawa, ya ce da za a kawar da su duka da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa. Ciwon damuwa yana cikinsu. Akwai kuma kaɗaici, da rashin ji, da rashin gani, da hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da rashin motsa jiki, da buguwa a kai, da ƙarancin karatu tun yarinta. Ka ga ke nan tsohon da aka cire wa yanar ido, ko aka auna masa jini aka ba shi magani, an taimaki ƙwaƙwalwarsa ma.

Wurin farawa shi ne asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko babban asibitin Wudil. In abin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura mutum Kano, tafiyar kilomita 40 ko sama da haka kaɗan, zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, a haɗa su.

6. Aikin hakimi da dagaci

Haɗa hannu tsakanin likita da shugabannin gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Da yardar shugabannin ƙauyukan abin ya yiwu, har ya yi suna a duniya. Ga abin da ake roƙon shugabanni a yau.

Na ɗaya, kowane mai unguwa ya san tsofaffin da ke zaune su kaɗai a unguwarsa, da waɗanda suka yi rashin miji ko mata ko ɗa a cikin shekarar. Lokacin haɗari shi ne bayan an tashi daga zaman makoki, da bayan mace ta fita takaba, sa'ad da ƙafa ta ɗauke.

Na biyu, in an rasa dattijo a masallaci ko a majalisa mako biyu, a aika a dubo shi. Liman da ladan su ne sukan fara lura. Tsofaffin mata kuwa, da yake suna cikin gida, a sa ungozoma da matan unguwa su riƙa kawo labarinsu.

Na uku, kada a tsame tsoho daga al'amura don ana tausayinsa. A kira shi sulhu, a ba shi rabon goro a wurin suna, a bar tsohuwa da jikokinta da 'yar sana'arta ta daddawa ko kaɗi. Hutun da aka tilasta wa mutum yakan zama masa kurkuku.

Na huɗu, a tsaya tsayin daka a kan zargin maita. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare, ko tana kiran sunayen matattu, ko ta amsa laifin da ba ta yi ba, alamun cutar mantuwa take nunawa. Dagaci ya sa a kai ta gidansa, a nemo danginta, a hana yara jifa. Haka nan ɗaure mai ciwo da mari ko kulle shi a ɗaki zalunci ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa irin waɗannan mutane haƙƙin samun magani da kare mutuncinsu.

7. Aikin malamin hakimi

Malami shi ne mai alƙalami, a gabansa ake dangwala hannu. In aka kawo tsoho zai sayar da gona, ko zai yi kyautar gida, ko zai ba da shaida, malami ya natsu. Ya gaishe shi, ya yi hira da shi shi kaɗai, ba a gaban mai saye ba. Ya roƙe shi ya faɗa da bakinsa wace gona ce, wa zai sayar wa, nawa ne kuɗin, me ya sa zai sayar. In ya kasa, ko ya ce, "Ku yi yadda kuka ga dama, ni tawa ta ƙare," to a dakata, a sanar da hakimi. Mai ciwon damuwa yakan rabu da dukiyarsa a banza domin yana ganin ba shi da gobe, in ya warke ya yi nadama. Mai cutar mantuwa kuwa yakan sayar da gona ɗaya ga mutum biyu ba da niyyar zamba ba. Jinkirin wata ɗaya ya fi shari'ar shekara goma.

Amma kada a zarce. Tsufa kaɗai ba ya zubar da shaidar mutum, ba ya kuma hana shi iko da abinsa. Wanda bai amsa ba wataƙila bai ji ba ne, a matso kusa, a yi magana a hankali. Malami ba ya rubuta cewa wane ya haukace ko ya yi gigi. Abin da ya gani da abin da ya ji zai rubuta, da kwanan wata, da sunayen waɗanda ke wurin. Hukunci a kan hankalin mutum na likita ne da alƙali. Abin da aka sani na ciwon wani kuma amana ce, ba abin hira a tasha ba ne.

Daga ƙarshe, malami ya yi amfani da dattawan da ke da lafiya tun suna nan. Ya zauna da su ya rubuta iyakokin gonaki, da burtali, da mashaya, da asalin unguwanni. Ofis zai sami abin dogara, dattijo kuma zai ga har yanzu ana bukatarsa, wannan kuwa yana cikin abin da ke tsare shi daga damuwa.

Tambayoyi domin bita

1. Kwana nawa baƙin ciki zai yi kafin a fara zaton ya zama ciwo, waɗanne alamu ne kuma ke tare da shi?
2. Faɗi hanyoyi uku da damuwa ke haɗuwa da mantuwa.
3. Me ya bambanta dillalin shanu da masunci a misalin da aka bayar?
4. Wane hali ne ke bukatar a kai tsoho asibiti a ranar?
5. An kawo tsohuwa za ta dangwala hannu a takardar sayar da gidanta, tana kuka, ta kasa faɗin kuɗin. Me malami zai yi, me kuma zai rubuta?
6. Tsofaffi nawa ne ke zaune su kaɗai a garinku? Wanda bai san amsa ba ya tambayi masu unguwanni kafin zama na gaba.